Sandunan ɗora bindiga wajen farauta

A ƙasashe irin su Namibiya, Tanzaniya da Afirka ta Kudu, mafarauta kan ɗora bindiga a kan sanduna kafin su yi harbi, domin hannu kan yi rawa bayan doguwar tafiya.

Waɗanda aka fi sani iri uku ne: mai ƙafa ɗaya, mai biyu da mai uku.

Mai ƙafa ɗaya ta fi sauƙin ɗauka. Mai uku kuwa ta fi tsayawa daram, kuma ita aka fi so inda ciyawa ta yi tsawo, har ya zama tilas a yi harbi a tsaye.

Zaɓin yana da muhimmanci, domin ɓaunar da harsashi ya raunata kawai tana iya juyowa ta hallaka maharbin.