Mai Jiran Gado a Filin NFL: Tarihin Renon Mai Cafe Ƙwallo na Biyu

A watan Maris na 2007, ƙungiyar New England Patriots ta sallama wa Miami Dolphins gurabe biyu na zaɓen sababbin 'yan wasa domin ta karɓi Wes Welker. Gajere ne, babu ƙungiyar da ta zaɓe shi lokacin da ya gama jami'a a 2004, kuma San Diego Chargers ta sallame shi bayan wasa ɗaya tak. Amma a kakarsa ta farko a New England ya cafe ƙwallo sau 112, adadin da babu wanda ya zarce shi a gasar NFL a shekarar. Abin lura shi ne, ba shi ne tauraron ƙungiyar ba. Randy Moss ne. Yadda aka yi mutum na biyu ya sami irin wannan matsayi labari ne na sauyin doka, da kuɗi, da haƙurin reno.

A ƙwallon ƙafa irin ta Amurka, kowane ɓangare yana da 'yan wasa 11 a fili. Mai jifa ne ke jagorantar hari, yana wurga ƙwallo ga masu cafewa da ke sheƙawa cikin yankin abokan hamayya. Gwanin cikinsu yakan ja hankalin masu tsaron baya har biyu, wanda hakan ke barin na biyu da na uku da mai gadi ɗaya ɗaya. Ƙungiyar da ba ta da wanda zai ci moriyar wannan giɓi, da an toshe tauraronta, harinta ya mutu.

Har zuwa tsakiyar shekarun 1970, gudu da ƙwallo a hannu ne ginshiƙin wasan, domin masu tsaron baya suna da sararin bangazar mai cafewa a cikin fili. Mel Blount na Pittsburgh Steelers ya yi fice a wannan, har dokar da ta zo a 1978 ake kiran ta da sunansa. Dokar ta hana bangazar mai cafewa idan ya wuce yadi 5 daga layin da aka fara wasa. Daga nan jifa ya zama hanya mafi riba. Koci Don Coryell na San Diego ya gane haka da wuri: a 1980 mutanensa uku, John Jefferson da Charlie Joiner da Kellen Winslow, kowannensu ya haura yadi 1,000. A 1989 Washington ta Joe Gibbs ta maimaita hakan da Art Monk da Gary Clark da Ricky Sanders. Darasin ya fito fili, cewa hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Doka ta haifar da buƙata, sai kuɗi suka tsara yadda za a biya ta. A 1993 'yan wasa suka sami 'yancin sauya ƙungiya idan kwantiraginsu ya ƙare, a 1994 kuma aka kafa iyakar abin da kowace ƙungiya za ta kashe a albashi. Tara taurari da ƙarfin aljihu ya zama da wuya. Yarjejeniyar 2011 ta ƙara ƙayyade albashin sababbin shiga a kwantiragin shekara huɗu. Lissafin ya koma haka: a biya na ɗaya da tsada, a reni na biyu da araha.

Hanyar reno ta farko ita ce zama ƙarƙashin babba, kuma Indianapolis Colts ce misalinta. A 2001 ta zaɓi Reggie Wayne a zagayen farko alhali tana da Marvin Harrison. Wayne ya cafe ƙwallo 27 kacal a shekararsa ta farko, ya ci gaba da koyon tafiyar ƙafa da daidaita lokaci da mai jifa Peyton Manning. A 2004, shekarar da hukumar gasar ta tsaurara aiwatar da dokar yadi 5, Harrison da Wayne da Brandon Stokley duk sun haura yadi 1,000. Da Harrison ya ji rauni a gwiwa a 2007, Wayne ya ɗare gadon, ya jagoranci gasar da yadi 1,510.

Hanya ta biyu ita ce sauya wa mutum sana'a. Julian Edelman mai jifa ne a jami'ar Kent State, kuma sai a zagaye na bakwai, wato na ƙarshe, Patriots ta zaɓe shi a 2009. Ya riƙe gurbinsa ne ta hanyar mayar da ƙwallon da abokan hamayya suka bugo da ƙafa, har a 2011 aka sa shi tsaron baya. A shekaru huɗun farko ya cafe ƙwallo 69 gaba ɗaya. Amma yana nazarin aikin Welker, wato tsayawa a lungun da ke tsakanin mai cafewa na gefe da ƙartin layin gaba. Wannan gurbi ya fi buƙatar kaifin basira fiye da tsawo, domin mai shi yana karanta tsayuwar masu tsaro ne yana cikin gudu, ya zaɓi inda zai karkata, kuma dole zaɓinsa ya dace da na mai jifa. Sanin da Edelman ya yi wa kujerar mai jifa ya taimaka masa. Da Welker ya koma Denver a 2013, Edelman ya cafe 105. A Fabrairun 2019 kuma shi ne gwarzon wasan Super Bowl.

Hanya ta uku ita ce shuka kafin yunwa. Steelers ta zaɓi Mike Wallace a zagaye na uku a 2009, sannan Emmanuel Sanders a na uku da Antonio Brown a na shida a 2010. Wallace ya tafi Miami a 2013, Sanders ya tafi Denver a 2014, kuma a shekarar ce Brown ya jagoranci gasar da cafewa 129. Ƙungiyar ba ta yi takarar farashi ba, domin magaji yana gida tun kafin a yi bankwana.

A nan ne wahalar tsarin take. Kwantiragin sabon shiga shekara huɗu ne, reno kuwa yakan ci biyu ko uku daga ciki, saboda haka sau da yawa ɗan wasa yana nuna ne daidai lokacin da kasuwa za ta ɗauke shi. Farashin kuma sai hauhawa yake yi: a 2024 Minnesota Vikings ta ba Justin Jefferson kwantiragin dala miliyan 140 na shekara huɗu. Kansas City Chiefs ta bi wata hanyar, ta miƙa tauraronta Tyreek Hill ga Miami a 2022, ta rarraba aikinsa ga mutane da dama, ta kuma lashe Super Bowl biyu a jere.

Ga ɗan wasan kuwa, jiran yana da haɗari. Gurbin lungu a tsakiyar fili yake, inda karo ya fi muni, kuma ƙungiya mutum 53 kawai take riƙewa. Da yawa ana sallamarsu kafin damarsu ta zo. Waɗanda tarihi ya riƙe sunayensu, irin su Wayne da Edelman da Brown, su ne waɗanda ranar da kujerar gaba ta zama fanko, aka tarar sun riga sun iya aikin.