Yadda ake bin sawun kakan da ya yi sojan Faransa

A ƙauyuka da dama na Damagaram, Maraɗi, Tawa da Dosso, akwai gidajen da har yau ake cewa kakansu “ya yi soja zamanin Nasara”. Sau da yawa abin da ya rage bai wuce lambar girma a ƙasan adaka ba, ko hoton da ya fara dushewa. Amma sojan Faransa ma'aikata ce mai rubuta komai, kuma akasarin takardunta na nan. Sai dai suna kaɗai ba ya isa a gano mutum a cikinsu.

Su wane ne waɗannan sojoji?

A 1857 ne gwamna Louis Faidherbe ya kafa rundunar da ake kira Tirailleurs sénégalais. Sunan na Senegal ne, amma an cika ta da samari daga duk ƙasashen Afirka ta Yamma da ke hannun Faransa, har da Nijar. Daga 1919 aikin soja ya zama tilas, na shekara uku. Kowace shekara kwamitin ɗaukar soja kan zagaya gundumomi, sarakuna su kawo samari, likita ya duba su, a yi ƙuri'a. Waɗannan sojoji sun yi yaƙin duniya na ɗaya da na biyu, sannan Indochine da Aljeriya.

A fara daga gida

Kafin a rubuta wa kowane ofis, a zauna da tsofaffin gida da na fada. A tambayi sunan yanka da laƙabin mutumin, sunan mahaifinsa da na mahaifiyarsa, garin da aka ɗauke shi, da wanda ke sarauta a lokacin. Idan ba a san shekara ba, a haɗa ta da abin da jama'a ke tunawa, kamar wata yunwa ko zuwan fara. A kuma nemi ɗan littafin soja, wato livret militaire, da katin tsohon soja ko takardar fansho. A ɗauki hoton kowane shafi da salula, domin gara da damina ba sa jira.

Abubuwa uku ake nema a cikin takardun: lambar soja, wadda ake kira matricule, shekarar ɗauka, wato classe, da gundumar da aka rubuta shi. Su ne mabuɗin duk sauran bincike.

Tarkon suna da shekaru

Magatakardan Faransa sun rubuta sunaye yadda kunnensu ya ji. Musa ya zama Moussa, Usman ya zama Ousmane, Isufu ya koma Issoufou, Shu'aibu kuma Chaïbou. Wani lokaci sunan uba ne ke gaba, wani lokaci sunan gari ne ya maye gurbinsa. Shekarar haihuwa kuwa ƙiyasi ce, shi ya sa ake yawan ganin “né vers”, ma'ana an haife shi wajen shekara kaza. Iyakokin gundumomi ma sun sha canzawa, har fadar mulkin kanta ta tashi daga Damagaram zuwa Yamai a 1926. Don haka a gwada rubutu iri-iri, a kuma duba gundumar maƙwabta.

Akwai kuma abin da ke da nauyin faɗa: wasu masu hali kan tura bara ko ɗan talaka a madadin ɗansu. Idan labarin gida ya saɓa da takarda, a ajiye duka biyun, kada a yi gaggawar ƙaryata ɗaya.

Inda takardun suke

Shafin intanet na Mémoire des hommes, na ma'aikatar tsaron Faransa, kyauta ne. Yana ɗauke da sunayen waɗanda suka mutu a yaƙi, da rundunarsu da wurin rasuwa. Wanda ya dawo gida da rai ba zai fito a wannan jeri ba, saboda haka rashin ganin suna ba ya nufin mutum bai yi soja ba.

Takardun aikin ƙananan sojoji, har da na ƙasashen da Faransa ta mulka, suna cibiyar CAPM da ke garin Pau. Ana rubuta wasiƙa da Faransanci, a sa cikakken suna, lamba, shekara da gunduma, tare da shaidar dangantaka. Na waɗanda suka mutu ko aka kama fursunan yaƙi suna reshen garin Caen. Tarihin runduna, wato inda ta je da faɗan da ta yi, yana Vincennes.

Rahotannin ɗaukar soja na kumandan-kumandan kuwa ana samun su a gidan adana takardun tarihi na ƙasa da ke Yamai, da na Dakar, hedkwatar mulkin Afirka ta Yamma a da. Ofishin tsofaffin sojoji ma wuri ne da ya kamata a leƙa, tunda ta hannunsa al'amuran mazan jiya suka riƙa bi. Takardar fansho tana da nata labarin: dokar Disamba 1959 ta daskarar da kuɗin sojojin Afirka, ba a daidaita su da na Faransawa gaba ɗaya ba sai 2011.

Idan sawun ya tsallaka iyaka

Samari da yawa sun gudu Najeriya don kauce wa ɗauka, wasu kuma can suka shiga sojan Ingila, aka kai su Bama a yaƙin duniya na biyu. Mamatan wannan ɓangare suna cikin jerin hukumar kaburburan yaƙi ta Commonwealth, shi ma a intanet.

Duk abin da aka samo, a rubuta daga bakin wa ko daga wace takarda ya fito, a raba kwafi ga ƴan uwa. Takardun Pau za su iya jira shekara goma. Tsohuwar da ta san ranar da aka tafi da yayanta kuwa, ita ya kamata a fara gani.