Gada Ta Raba Mu Da Zango: Tarihi A Hanyar Falgore

Masu iya magana sun ce tafiya mabuɗin ilmi, amma fa ga wanda ya tsaya ya duba. A ƙasar Italiya, da ke gaɓar Bahar Rum, baƙi na tururuwa don ganin gadar Riyalto ta birnin Banis, wadda aka gama a 1591, daga nan su bi ƙananan garuruwan bakin teku ɗaya bayan ɗaya. Mu kuwa sai mu tashi daga Kano, mu haye gadar Tamburawa a kan kogin Challawa, mu karya ta Kwanar Ɗangora, har mu kai dajin Falgore ba mu tambayi tarihin gari ko ɗaya ba.

A zamanin da, kogi ne ke tsayar da matafiyi. In ruwa ya kawo da damina, dole madugu ya sauke ayarinsa a jira 'yan fito, kuma irin wannan jira na cikin abin da ya raya zanguna da kasuwanni. Bebeji na kan tsohuwar hanyar fatake daga Zariya zuwa Kano. Baturen nan Kilafaton ya ratsa ta a 1826, ya same ta babban gari mai ganuwa. A ƙofarta kuma sojojin Ingila suka fara gamuwa da turjiya a 1903, kafin su ci Kano ranar 3 ga Fabrairu. Dubi yadda mota ke gilma wannan tarihi cikin ƙiftawar ido!

Shi ma Kogin Kano, wanda ya ratso dajin Falgore, yana da nasa labarin. Turawan mulki sun keɓe dajin a 1949, daga baya ya zama gandun namun daji. A zamanin Gwamna Audu Baƙo aka datse kogin a Tiga, aka gama aikin a 1974. Ruwan ya kawo noman rani a Kadawa da Kura, amma ya ci gonaki da gidajen waɗanda aka tasa. Can kudu, a ƙasar Doguwa, duwatsun Riruwai na nan da ramukan haƙar kuza. Da ɓarayin shanu suka addabi dajin, sojoji sun mai da shi filin atisaye a 2017.

To, 'yan'uwa marubuta, ga inda gizo ke saƙar. Dattawan da suka san mashigin kogi kafin a yi gada, da waɗanda ruwan Tiga ya tasa, ƙarewa suke yi. Mu da ke koyarwa mun ga ɗalibi ya haddace kogunan Turai, bai san inda kogin garinsu ya nufa ba. In mun tashi yawon buɗe ido, mu sauka a Tudun Wada ko Ƙiru, mu gai da dattawa, mu zauna da alƙalami. Abin da ba mu rubuta bana ba, baɗi sai dai mu ji shi a ƙanzon kurege. Allah ya ba mu iko.