Manoman Wiwi Na Tsaunukan Rif Da Dokar Maroko

Mu mazauna Kudu mun sha jin muhawarar halatta noman tabar wiwi don haɗa magani, musamman tun 2019 da marigayi Gwamna Rotimi Akeredolu na jihar Ondo ya fito ya goyi bayan hakan. A Najeriya har yau haramun ce a doka, kuma NDLEA na ci gaba da ƙona gonaki. Ƙasar Maroko ta riga mu shiga wannan muhawara, shi ya sa muka ga ya dace mu leƙa tarihinta.

A tsaunukan Rif da ke arewacin Maroko an daɗe ana noman wiwi, wadda suke kira kif, musamman a yankin Ketama. Ƙasar wurin duwatsu ce, hatsi ba ya yin kirki. A 1954 Turawan Faransa suka haramta nomanta a ɓangaren da suke mulka, bayan samun 'yanci a 1956 kuma haramcin ya game ƙasar. Sai dai mutanen tsaunin ba su daina ba, domin ba a ba su wata sana'ar madadinta ba. Da kasuwar Turai ta buɗe daga shekarun 1960, gonakin suka yi ta faɗaɗa, har binciken Majalisar Ɗinkin Duniya na 2003 ya gano kimanin hekta 134,000, da mutane wajen 800,000 da ke ci daga gare su. Masu fasa-ƙwauri ne ke kwashe ribar, manomi kuwa ya tashi da ɗan abin sawa a baki da fargabar kamu. Kura da shan bugu, gardi da amsar kuɗi.

A 2021 majalisa ta zartar da doka mai lamba 13-21, wadda ta halatta noman don magani da masana'antu, shan ta kuwa yana nan a haramce. An keɓe lasisin ga larduna uku, Al Hoceima da Chefchaouen da Taounate, kuma dole manomi ya zama mazaunin yankin, ya shiga ƙungiyar gama-kai. Amma da yawa sun ƙi fitowa, saboda ana neman su da tsofaffin tuhume-tuhume. Sai a watan Agustan 2024 Sarki Muhammad na Shida ya yi wa manoma 4,831 afuwa. An kuma amince da irinsu na gado, beldiya, wanda ya fi na waje jure ƙarancin ruwa.

Ba ma goyon bayan shaye-shaye, mun san irin ɓarnar da yake yi wa matasanmu. Amma duk ranar da 'yan majalisarmu suka zauna kan wannan batu, su fara da tambayar wa zai samu lasisi, da kuma makomar ƙaramin manomi da leburan da ke cikin dajin. Idan manyan kamfanoni kaɗai aka bai wa, talakan zai ci gaba da sayar wa ɗan fasa-ƙwauri kamar da. Allah ya shirya mana zuri'a.