Tarihin Saƙar Ulu a Gwaram da Birnin Kudu

Saƙar ulu sana'a ce ta cikin gida wadda mata ke yi a Gwaram da Birnin Kudu, ƙananan hukumomi biyu na masarautar Dutse a kudancin Jihar Jigawa, kamar yadda ake yin ta a sauran ƙasar Hausa. Kasuwarta da hunturu take tashi, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, lokacin da sanyin asuba kan sauka ƙasa da digiri 15. Abin da aka fi saƙawa shi ne hular sanyi, safa, suwaita da mayafin jariri. Sana'ar baƙuwa ce, a ƙarni na 20 ta shigo.

Kafin zuwanta, da auduga ake maganin sanyi. Mata su gurza, su shiɓe, su kaɗa zare da mazari, masaƙa su mayar da shi gwado ko luru, sauran kuma a hura wuta a ɗaki. Gwaram da Birnin Kudu a wancan zamani ƙarƙashin Kano suke, kuma Heinrich Barth, wanda ya zo Kano a 1851, ya tarar da tufafin ƙasar suna kaiwa har Timbuktu. Amma ulu babu shi, domin tumakinmu, 'yankasa da uda da balami, gashi gare su gajere wanda ba ya kaɗuwa. Tumaki masu ulu da aka fi sani a Afirka ta Yamma su ne na Masina ta ƙasar Mali, inda Fulani ke saƙa barguna da shi a masaƙa.

Saƙa da tsinke biyu, wadda ake zarga zare ɗaya cikin kansa layi bayan layi, ana kyautata zaton ta fito ne daga ƙasashen Musulmi. Mafi daɗewar kayan da aka samu su ne safunan auduga na Masar, na tsakanin ƙarni na 11 da na 13. Daga nan ta haura Andalus: a Burgos ta ƙasar Sifen an sami matashin kai saƙaƙƙe a kabarin Yarima Fernando de la Cerda, wanda ya rasu a 1275, kuma masana na ganin aikin masaƙa Musulmi ne. A 1589 William Lee ya ƙera injin saƙa safa a kusa da Nottingham ta Ingila. Abin mamaki, duk da fataucin da ke tsakanin Kano da Masar, sana'ar ba ta kafu a nan ta hanyar Sahara ba. Sai da ta zagaya Turai tukuna ta iso a hannun Turawan mulkin mallaka da 'yan mishan.

Ƙofar shigarta makaranta ce. A 1930 aka buɗe makarantun 'yan mata na farko a Kano da Katsina, inda ɗinki da aikin hannu ke cikin manyan darussa, kuma daga baya makarantun mata da azuzuwan yaƙi da jahilci suka bi wannan sawu. Yaɗuwarta a karkara ta zo a makare. Shirin kyautata rayuwar matan karkara da Maryam Babangida ta kafa a 1987, da wanda Maryam Abacha ta biyo da shi a 1994, sun buɗe cibiyoyin mata a ƙananan hukumomi, ana koyar da ɗinki da saƙa da haɗa sabulu. Bayan an ƙirƙiro Jigawa a ranar 27 ga Agusta 1991, keken saƙa ya zama ɗaya daga cikin kayan da gwamnati da 'yan siyasa ke raba wa mata. Sana'ar ta dace da matar aure mai kulle: a ɗaki ake yin ta, yara su kai talla, ko mai haihuwa ta aiko a yi mata na suna.

Daga cikin salon saƙar, mai kama da murɗaɗɗiyar igiya ya fi wuya. Mai saƙa takan zare zarge biyu ko uku ta ajiye a wani ɗan gajeren tsinke na uku, a gaba ko a baya, ta saƙa na kusa da su, sannan ta dawo ta saƙa waɗanda ta ajiye. Idan ta maimaita haka bayan kowane layi shida ko takwas, sai igiyar ta fito tana hawa. Salon yana cin zare sosai, amma rigar takan yi kauri, ta riƙe ɗumi. Masuntan gaɓar Birtaniya na ƙarni na 19 sun sa riguna masu irin wannan ado, sai dai tsibiran Aran na yammacin Ayilan ne suka yi suna da shi a farkon ƙarni na 20, da farin ulu marar rini. Akwai labarin da ake yaɗawa wai kowane gida da nasa zanen, don a gane gawar wanda ruwa ya ci. Masu bincike ba su sami hujjarsa ba, 'yan kasuwa ne suka raya shi don rigar ta sayu.

A nan, yawancin mutane a jikin gwanjo suka fara ganin wannan salo, irin wanda ake kwancewa dila-dila a Kofar Wambai ta Kano, 'yan kasuwa su sara su kai kasuwannin ƙauye irin ta Sara da ke ƙasar Gwaram. Gwanjon ne kuma babban kishiyar mai saƙa, domin suwaitar babba ta gwanjo ta fi arha a kan zaren da za a saƙa irinta. Shi ya sa sana'ar ta tattara a kan kayan jarirai, waɗanda zarensu kaɗan ne kuma uwa ta fi son sabo.

Zaren ma da ake kira ulu yawancinsa ba na tunkiya ba ne. Akirilik ne, zaren masana'anta da kamfanin DuPont na Amurka ya fara sayarwa a 1950 da sunan Orlon. Yana da arha, yana jure wanki, yana ɗaukar launi mai haske. Keken saƙa na gida kuwa ba ya murɗa igiyar da kansa, sai an tsaya an sauya wa zargen wuri da hannu, saboda haka masu saƙa don sayarwa sukan bar ta, su yi ado da ratsin launi ko su gyara bakin hula da kwarashi.