Jirgin da Faransa ta zaɓi ta sake ƙerawa

A shekarar 1779, maƙeran tashar sojan ruwa ta Roshfor, a yammacin Faransa, suka kammala jirgin yaƙi mai filafilai da ake kira Hermione cikin ƙasa da shekara guda. Kwafinsa kuwa, da aka soma a 1997, bai shiga teku ba sai 2014. Shekara 17 ke nan, da itatuwa wajen 2,000 da aka sare dominsa.

Na samu shiga wannan kwafi tun yana Roshfor, kafin ruɓewar katako ta sa a kai shi gyara a 2021. Wallahi, ƴan uwa, aikin ya burge ni. Ni da na tashi inda babban ruwanmu shi ne gulbi da damina, sai ga ni ƙarƙashin igiyoyi da ba su ƙirguwa, ko'ina warin kwalta. A ciki kuma sai ka sunkuya. Igwa 32 na asalin yake ɗauke da su, ga mutum fiye da 200 cunkushe suna kwana cikin ragar da ake ratayewa. Na yanzu yana da injin da lantarki. Wannan ban ga laifinsa ba, ai ba wanda zai so a mutu don kwaikwayon tarihi.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne laƙabinsa: jirgin ƴanci. Dalili kuwa, shi ya kai Lafayet birnin Boston a watan Afrilun 1780, da albishir ga Joj Washinton cewa sojan Faransa na tafe su taya Amurkawa yaƙar Ingila. Gaskiya ne. To amma ƴancin wa? Washinton da kansa yana da bayi a gonarsa. Faransar da ta aika jirgin ita ke riƙe da San-Domang, Haiti ta yau, inda bayi suka kai kusan rabin miliyan kafin 1789. La Roshel kuma, nan kusa da Roshfor, jiragen cinikin bayi sun tashi daga tasharta fiye da sau 400. A yi wa Lafayet adalci, daga baya ya shiga ƙungiyar masu adawa da bauta. Ƙasarsa dai ta soke bautar a 1794, Napoleyon ya maido ta a 1802, ba a rabu da ita ba sai 1848.

Akwai wani jirgin da ni shi na fi so a ce an sake ƙerawa, wato Méduse. Daga wannan gaɓa ya tashi a 1816, ɗauke da gwamnan da zai karɓi San-Luwi ta Senegal daga hannun Ingilishi, garin da daga baya ya zama ƙofar shigar sojan Faransa cikin Afirka ta Yamma. Ya kafe a rairayin gaɓar Muritaniya. Manya suka shige kwale-kwale, aka bar mutum kusan 150 bisa katakan da aka ɗaure da igiya. Bayan kwana 13 aka tsinci 15 da rai.