Gishirin Da Ya Hau Binuwai Sau Biyu

Lokacin da Modibbo Adama ya kafa Yola a 1841, ƙasar Fombina tana da shanu, tana da auduga da hauren giwa, amma gishiri ya yi mata ƙaranci. Na Bilma, wanda ayarin Abzinawa ke saukewa a ƙasar Hausa, kafin ya ƙetara zuwa kudancin Binuwai kuɗinsa ya ninka. Mangul da kanwa daga wajen Borno suke zuwa. A cikin kwarin kogin kansa akwai maɓuɓɓugan ruwan gishiri, a Awe da Keana da Akwana, da Bomanda ta ƙasar Muri, inda ake tace ƙasa mai gishiri a dafa ruwan cikin tukwane har ya ƙafe. Wanda bai iya sayen ko ɗaya ba sai ya ƙona kara ko ciyawa, ya tace tokar ya zuba a miya. Shi ne cukkuri a bakin Fulani.

Wannan gibin ne Turawan kamfani suka hango. Tun a shekarun 1880, zamanin Lamiɗo Sanda, kamfanin da ya zama Royal Niger Company ya iso da hajarsa, sai dai fada ba ta sakar masa fuska ba. A cikin wani tsohon jirgi da aka ɗaure a kan ruwa yake ciniki, kuma Lamiɗo Zubairu da ya hau a 1890 ya fi wansa tsanani. Sai da Kanar Morland ya ci Yola da yaƙi a Satumban 1901 sannan kantuna suka zauna daram a gaɓar kogi, Jimeta ta soma zama garin 'yan kasuwa da leburori da baƙi, Yola kuma ta ci gaba da zama garin sarauta.

A wancan zamani jiragen kan taso daga Burutu, su bi Lakwaja da Ibi da Lau da Numan, kuma ba sa iya isowa sai ruwa ya cika, daga wajen Yuli zuwa Oktoba. Wato buhunan gishiri ba sa tafiya sai a lokacin da suka fi tsoro. Hausawa ai sun ce gishiri na yi wa man kaɗe dariyar rana, ran da ruwa ya zo ya ji kunya. Yawancinsa daga Cheshire ta Ingila yake, inda ake dafa ruwan gishirin ƙarƙashin ƙasa a manyan farantan ƙarfe, a fitar da shi ta Libaful. Akwai wani mai fale-fale, marar nauyi, da suke yi musamman domin kasuwarmu, suna kiransa gishirin Legas, domin a nan da mudu ake awo ba da sikeli ba, kuma marar nauyi ya fi cika mudu. Masana'antar Lion da ke Marston da cinikin Nijeriya ta daɗe tana numfashi. Da kasuwar ta kuɓuce mata bayan yaƙin basasa sai ta yi ta ja da baya har ta rufe a 1986.

Zuwan gishiri na farko ke nan, kuma dattawan bakin kogi sun san shi. Na biyun ya fi shiga rayuwar mutane, amma da wuya ka ji mai ba da labarinsa, saboda a wannan karon an raba gishirin gida biyu kafin ya taso.

Gishirin miya haɗin abu biyu ne. Ɗaya sodiyam, ƙarfe mai taushin da wuƙa ke yankawa, wanda in ya taɓa ruwa yake tafarfasa har ya kama wuta. Ɗayan kilorin, iska mai launin ɗorawa-ɗorawa da ke shaƙe mutum. A kowane kilo na gishiri, kimanin giram 600 kilorin ne. Carl Scheele na Suwidin ne ya fara fitar da wannan iska a 1774, bai gane ko mece ce ba. Humphry Davy na Ingila, wanda ya ware sodiyam da fotasiyam a 1807, shi ya tabbatar a 1810 cewa sinadari ce mai zaman kanta. Duk abin da kilorin ya haɗu da shi irin wannan haɗuwa, kilorayid ake ce masa: da sodiyam ya ba da gishirin ci, da fotasiyam ya ba da abin taki, da haidirojin ya ba da ruwan asid irin wanda ke cikin tumbin kowannenmu yana narkar da tuwo.

Abin mamaki, masu masana'antu ba kilorin suka fara nema ba. Sodiyam suke so, don yin sodar sabulu da gilashi. Hanyar da Bafaranshe Nicolas Leblanc ya fito da ita a 1791 tana ciro soda daga gishiri ta saki hayaƙin asid sama, hayaƙin ya ƙone gonaki da itatuwa a kewayen Libaful har majalisar Ingila ta yi doka a kansa a 1863. Da aka hana su zubarwa, dole suka nema wa sharar amfani. Sun kuwa samu kasuwa tana jira, domin tun 1799 Charles Tennant na Gilasgo ya gano yadda ake shayar da farar ƙasa kilorin a sami hodar faranta tufafi. Ƙyallen da a da ake shanyawa wata da watanni kafin ya yi fari, sai ya koma aikin kwana ɗaya ko biyu. Alawayyon Mancista da ya cika kantunan Jimeta, ya kuma durƙusar da masaƙan gida, da wannan hoda aka wanke shi.

A shekarun 1890 aka koma tsaga ruwan gishiri da lantarki: kilorin ta gefe ɗaya, kostik soda da haidirojin ta ɗayan. Har yau haka ake yi. Sodar ta tafi wajen masu sabulu, kuma babbansu, William Lever, shi ya saye kamfanin Neja a 1920, wanda daga baya ya narke cikin UAC a 1929. A duba wannan zagaye da kyau. Jirgi ya kawo gishiri Jimeta, ya kwashi gyaɗa da ƙwarar kaɗanya. A Ingila a haɗa mai irin wannan da sodar da aka ciro daga gishirin Cheshire ɗin nan dai. Sabulu ya dawo a sake sayar mana. Matan da ke haɗa sabulun ruwa a Jambutu ko Dobeli yau, da masu rini, sodar da suke saya a leda jikanyar waccan ce.

Kilorin ya yi mummunan suna a 22 ga Afrilun 1915, ranar da sojojin Jamus suka sake shi a kan abokan gaba a Ypres ta Beljiyam. Amma shekara bakwai kafin nan, a 1908, likita John Leal ya soma zuba shi kullum a ruwan famfon Jersey City ta Amurka, kuma cikin 'yan shekaru zazzaɓin taifot ya yi ƙasa a biranen da suka kwaikwaya. A ganina, cikin duk abin da aka ciro daga gishiri babu wanda ya kai wannan daraja.

Matatar ruwa ta Jimeta daga Binuwai take ɗiba, kuma duk wanda ya ga kogin a watan Agusta ya san jan aikin da ke gabanta. Sai an zuba alif laka ta dunƙule ta kwanta, a tace ta cikin yashi, sannan a sa kilorin, a ba shi aƙalla minti 30. Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce ya rage tsakanin miligiram 0.2 zuwa 0.5 a kowace lita lokacin da ruwan ya iso gida. Ɗan warin nan da wasu ke yamutsa fuska a kansa, shi ne shaidar cewa ruwan na da mai gadi a hanya. Matsalar ita ce garin ya fi famfonsa saurin girma tun da Yola ta zama hedikwatar Gongola a 1976, sannan ta Adamawa a 1991. Unguwanni da dama da burtsatse da rijiya da kurar 'yan garuwa suke rayuwa, kuma ruwan jarka ba mai auna kilorinsa. In aka saki ruwan madatsar Lagdo ta Kamaru, kamar a 2012 da 2022, ambaliya ta haɗa masai da rijiya, sai a shiga fargabar amai da gudawa, cutar da ta shigo Nijeriya a ƙarshen 1970 kuma ta addabi Mubi a 2018.

In ta ɓarke ma, kilorayid ne a gefen gadon majinyaci. Ruwan da ake ƙara wa mutum a asibiti giram 9 ne na gishiri a lita. Ƙullin ORS kuwa, wanda likita Dilip Mahalanabis ya nuna ƙarfinsa a sansanin 'yan gudun hijirar Bangaladash a 1971, yana ɗauke da giram 2.6 na gishirin ci da giram 1.5 na kilorayid ɗin fotasiyam, tare da sukarin da ke jan su zuwa cikin jini.

Sauran kuwa sai dai a zaga kasuwar Jimeta. Bututun ruwa da silin da rigar wayar lantarki duk PVC ne, robar da kashi 57 cikin ɗari na nauyinta kilorin ne. Harafin K na jikin buhun NPK da manoman rani ke kaiwa Geriyo, galibi kilorayid ɗin fotasiyam ne da aka haƙo a wata ƙasa aka shigo da shi. Batirin tocila, Hypo na wanki, har da kulorokwin da muka sha shekaru muna haɗiya, duk dangi ne. Roba ta shiga kowane lungu na garin, ruwa mai kilorin bai shiga ba. Wannan ba laifin kimiyya ba ne.

Dangin ba su rasa baragurbi ba. Gamalin, maganin ƙwarin koko da wasu suka mayar abin kamun kifi, haɗin kilorin ne da ba ya saurin ruɓewa, yana taruwa a kitsen kifi da na mai cin kifin. A 2009 aka sa shi cikin jerin abubuwan da yarjejeniyar Stockholm ta haramta. Su kuma 'yan jari-bola da ke cinna wa tsohuwar waya wuta don su ciro jan ƙarfe, hayaƙin da ke sa su tari da hawaye asid ɗin haidirojin da kilorin ne, irin wanda ya ƙone gonakin Libaful, haɗe da wata guba da ake kira dayoksin. Har da yara a cikin masu tsayawa a kan wutar, kuma fere rigar wayar da wuƙa, ko da ya fi cin lokaci, jan ƙarfen da yake bayarwa ya fi na ƙuna tsabta.